Dan Allah wace ciyawa ce wannan mai fure kamar maɓallin riga?

Abban_Yara ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin tsirrai ku taimaka min. Akwai wata 'yar ciyawa da ta cika min bayan gida, can jikin katanga inda aka zubar da ragowar tsakuwa da yashi lokacin gini, wajen da ko ruwa ba a zubawa kuma rana tana dukansa tun hantsi har la'asar, amma ita ko a jikinta, sai ma ƙara yaɗo take. Na so in ɗora hoto abin ya ƙi hawa, to bari in kwatanta iya yadda zan iya.

Ba ta miƙewa tsaye, kwanciya take a ƙasa tana rarrafe, sai dai can ka ga wani siririn tsinke ya taso sama, tsawonsa ya kai taƙi ɗaya wani ma ya fi, babu ganye ko ɗaya a jikinsa, a samansa kuma fure guda ɗaya tal. Furen ƙarami ne bai fi maɓallin riga ba, tsakiyarsa ruwan ɗorawa, gefe kuma wasu 'yan farare-farare guda biyar ko shida, ba fari tas ba, kamar madarar da ta ɗan kwana, kuma akwai giɓi tsakaninsu ba su haɗe ba. Ganyen yana da kaushi da gashi-gashi, bakinsa kamar zarto amma haƙoran ba daidai suke ba, wani babba wani ƙarami. In furen ya tsufa sai ya koma wani ɗan tuntu mai kalar ƙasa-ƙasa, ka taɓa shi ya watse iska ta ɗebe.

Abin da ya sa na damu, yarana suna kiwon zomaye kuma na kama su suna tsinko ta suna zuba musu, zomayen kuma ci suke kamar me. Maƙwabcina ya ce wai kashin yawo ce tun tana ƙarama kada in bari, na gwada manhajar nan ta waya da ake ɗaukar hoto ta faɗi sunan shuka, karo na farko ta ce Tridax, na sake ɗauka daga wani gefen ta ce Galinsoga. Yanzu na rasa na kamawa, na dai hana yaran har sai na ji daga masana. Wacece a ciki, kuma ta yaya mutum zai bambance da idonsa ba sai da waya ba?

Ɗan_Lambu ya rubuta:

Wa alaikumussalam Abban yara. Ni dai ba masani ba ne amma kashin yawo na san ta sani na haƙiƙa dan ta sha sokata, kuma wannan da ka kwatanta ba ita ba ce. Kashin yawo tsaye take miƙewa, karanta yana rabuwa biyu-biyu kamar gwafa, furenta kuma sai ka duba da kyau kafin ka gan shi, ɗan mitsitsi ne kore-kore da ɗan ɗorawa a maƙale daidai inda reshen ya rabu, ba shi da wani dogon tsinke. In ta yi 'ya'ya sai ka ga kamar tauraro, kowane ɗa da ƙayoyi a jikinsa da wasu dogaye guda biyu a kansa, su ne suke maƙalewa a wando da gashin tumaki. Ita ba ta san wani abu wai iska ta ɗebi irinta ba, sai dai ta bi mutum ko dabba. Tunda taka tana watsewa a iska to cire kashin yawo daga lissafi.

Tsohon_Malami ya rubuta:

Wa alaikumussalam warahmatullah. Abban yara ai ka gama aikin da kanka, kwatancen da ka yi ya fi hoto, domin hoto sau da yawa fure kawai ake ɗauka a bar sauran jikin shukar, shi ya sa ma manhajar ta rikice maka. Abin da ka gani Tridax procumbens ce in sha Allahu. A rubuce-rubucen tsirrai za ka ga an sa mata harantama da Hausa, Turawa kuma suna kiranta maɓallin kwat, ka ga kai ma da ka ce maɓallin riga ba ka yi nisa da su ba.

Bari in ɗan yi bayani yadda ko gobe ka gan ta a wani wuri za ka gane ta.

Fara da yadda take zama a ƙasa. Kalmar procumbens ɗin nan ma'anarta mai kwanciya, karanta yana bin ƙasa sai bakinsa ya ɗan ɗago, kuma in ka ɗaga wani reshe da ya daɗe a kwance za ka ga a wasu gaɓoɓin ya saki 'yan saiwoyi ya kama ƙasa. Amma uwar saiwar guda ɗaya ce a tsakiya, doguwa mai nutsewa ƙasa sosai, ita ce sirrin da ya sa ka ga ba ta damu da rashin ruwa ba. Karan yana da gashi farare masu ɗan tauri, kuma yana da saurin karyewa, in ka fizge ta da sauri sai reshe ya biyo hannunka saiwar ta zauna, bayan sati biyu ka dawo ka tarar ta tofo.

Ganyen biyu-biyu yake fitowa, ɗaya yana kallon ɗaya a gaɓa guda, wannan ka riƙe shi da kyau domin yana raba ta da ciyayi da yawa masu kama da ita waɗanda nasu ganyen ɗai-ɗai yake hawa kara. Tsawonsa kamar santimita 3 zuwa 7, mai ɗan faɗi daga gindi ya tsuke a baki, haƙoransa manya marasa tsari, sau da yawa na kusa da gindin ganyen sun fi zurfi har ya zama kamar kan mashi. Ka shafa shi ta sama da ta ƙasa duk kaushi. In ka tsinke shi ba ya fitar da farin ruwa irin na nono, wannan ma alama ce, domin akwai 'yan gidansu irin su Sonchus da suke zubar da farin ruwa da zarar ka karya su.

Sai tsinken furen, wanda a wurina shi ne babbar shaida tun daga nesa. Dogo ne, daga santimita 10 har 30 yana kaiwa, tsirara ba ganye, kuma kai ɗaya yake ɗauka ba ya rassa. In ka tsaya gefen wajen da ta yi yawa za ka ga ganyen duk yana ƙasa shimfiɗe, kawunan kuma suna sama suna rausaya in iska ta kaɗa, kamar an soka 'yan allurai a tabarma. Faɗin kan bai wuce santimita 1 zuwa 1 da rabi ba.

Yanzu ɗauko fure ɗaya ka matso da shi kusa da ido. Waɗancan farare na gefe, kowanne ka duba bakinsa za ka ga an tsaga shi gida uku kamar 'yan yatsu gajeru, wani lokaci biyu. Daga nan sunan Tridax ya samo asali, kalmar Girka ce mai nuni da ukun nan. Masanin tsirrai Linnaeus ne ya sa mata sunan a 1753 kuma har yau shi ake amfani da shi. Yawan fararen gefen ba ya tsayawa wuri ɗaya, za ka samu uku, huɗu, biyar, shida, shi ya sa kada ka dogara da ƙirga.

Abu na ƙarshe kuma wanda ya fi kowanne yanke hukunci shi ne irin. Tuntun nan da ka ce yana watsewa, tara shi a tafin hannu. Kowane ƙwaya baƙi-baƙi ne siriri kamar milimita 2, jikinsa da laushin gashi, a kansa kuma akwai wasu zarurruka kusan 20 da suka ninka shi tsawo, kuma kowane zare shi ma da nasa ƙananan gashin gefe da gefe kamar gashin tsuntsu. Wannan gashin shi ne lemarsa, da shi yake tashi. Gindi ɗaya mai lafiya yana iya zubar da iri fiye da 1,000, to ka ga dalilin da ya sa daga 'yan tsiraru ta cika maka bayan gida.

Asalinta daga yankin Amurka mai zafi take, wajen Meziko da Amurka ta Tsakiya, daga can ta bazu Afirka da Indiya da kudu maso gabashin Asiya da arewacin Ostareliya da tsibiran tekun Fasifik, duk inda ake zafi dai yanzu da wuya ka rasa ta. A ƙasar Amurka ma gwamnatin tarayya ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi da aka hana shigowa da su.

Maganar Galinsoga zan dawo kanta, an kira sallah.

Mai_Zomaye ta rubuta:

Sannu Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya, wallahi na ƙaru. Abban yara ni ta ɓangaren zomayen zan yi magana dan na kai shekara shida ina kiwonsu. In dai ta tabbata Tridax ce to kwantar da hankalinka, tana cikin ganyayen da masu kiwon zomo a ƙasashe masu zafi suka fi ba su, kuma suna sonta sosai, nawa in na zuba musu ita haɗe da wasu ganyen ita suke fara tsincewa. Sai dai abu biyu zuwa uku da na koya da wahala.

Kada a ba su ita jiƙe da raɓa ko ruwan sama, a baza ta a inuwa ta ɗan yi yaushi tukun, ɗanyen ganye mai ruwa da yawa yana sa ƙananan zomaye zawo musamman waɗanda aka yaye kwanan nan, na taɓa rasa guda biyu a haka kuma abin ya tsaya min a rai har yau. Sannan ba ita kaɗai za su rayu a kai ba, a haɗa da busasshiyar ciyawa da abincinsu na yau da kullum. Na uku kuma shi ne ya fi muhimmanci, a kula da inda aka tsinko ta, dan ita wannan ciyawar masoyiyar bakin titi ce da gefen kwata da wuraren da ake fesa maganin ciyawa, ta bayan gidanka da ka san ba a fesa komai ba ta fi min kwanciyar hankali sau dubu a kan wadda yara za su je su kwaso a bakin hanya.

Kuma dan Allah ka zaunar da yaran ka nuna musu bambancin da kyau, saboda akwai wata 'yar gidansu Ageratum conyzoides da take fitowa a wuri mai danshi, ita furenta ba shi da fararen gefen nan sam, wasu 'yan tuntaye ne masu laushi fari-fari ko shuɗi-shuɗi a cure wuri ɗaya, in ka murza ganyen wari yake kamar na bunsuru, wannan tana da sinadarin da yake taɓa hanta, ni ba na ba su ita. Kashin yawo ma ba na bari ta shiga kejinsu. Yaro in ya ga ganye biyu-biyu mai gashi sai ya ɗauka duk ɗaya ne.

Abban_Yara ya rubuta:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Yanzun nan na fita da fitilar waya na duba, wallahi Baba kamar kana wajen, na ɗaga wani reshe sai ga 'yan saiwoyi farare a gaɓa biyu sun kama yashi, kuma fararen gefen kowanne baki uku, ban taɓa lura ba duk da kullum ina wucewa ta wajen. Na karya ganye babu farin ruwa. Irin ne ban iya gani da kyau ba saboda dare, da safe zan duba.

Amma akwai abin da ya ɗaure min kai, da na matse furen tsakanin yatsu sai ya wargaje ya zama wasu 'yan ƙananan abubuwa masu yawa kamar bututu, kowanne da ɗan ƙwaya a gindinsa. Shin furen ne bai gama haɗuwa ba ko haka yake? Hajiya mai zomaye na ji bayaninki, gobe in sha Allah zan tara yaran, dama akwai wata mai shuɗin fure can wajen da ruwan wanke-wanke yake bi, bari in je in murza in ji.

Ɗalibar_Botani ta rubuta:

Abban yara wannan tambayar taka ita ce ta sa na kasa wucewa, dan ranar da aka fara nuna mana wannan abin a aji na daɗe ina mamaki. Haka yake, ba wai bai haɗu ba. Abin da muke kira fure ɗaya a wannan ciyawar ba fure ɗaya ba ne, taron furanni ne da yawa suka zauna a kan faifai guda, shi ya sa ake ce masa kai. 'Yan bututun nan da ka gani kowannensu cikakken fure ne mai zaman kansa, yana da bakinsa mai tsaga biyar, yana da namijin sashe da na mace, kuma ƙwayar da ka gani a gindinsa ita ce za ta zama iri. Su ma fararen na gefe kowanne fure ne daban, ba ganyen fure ba ne kamar yadda ido yake ɗauka, aikinsu su yi ado su jawo ƙwari, a Tridax mata ne zalla kuma su ma suna yin iri.

Duk dangin haka suke, ana ce musu Asteraceae, tsohon sunansu Compositae wato haɗaɗɗu, saboda wannan haɗuwar. Suna cikin dangi mafi girma a tsirrai masu fure, nau'insu ya haura 20,000, kuma ban da Antatika babu nahiyar da ba sa fitowa. Furen sunfulawa ɗan gidan ne, in ka tuna yadda 'ya'yansa suke jere a faifai to abu ɗaya ne da wannan sai dai girma. Shuwaka ma 'yar gidan ce, da latas, da ita kanta kashin yawon da ake ta magana, shi ya sa maƙwabcinka bai yi nisa sosai ba, dangi ɗaya ne gida daban.

In kana so ka gani da kyau, samo reza ka raba kan gida biyu daga sama zuwa ƙasa, ka ɗora a farar takarda ka buɗe kyamarar waya ka zuƙo. Za ka ga na bakin faifan sun riga sun buɗe har wasu sun fara bushewa, na tsakiya kuma har yanzu a rufe suke kamar 'yan ƙulli, dan daga waje suke fara buɗewa suna shiga ciki, kwana da kwanaki. Hikimar ita ce kai ɗaya ya daɗe yana da abin ba ƙwari, malam-buɗe-littafi ko ƙudan zuma ya sauka sau ɗaya ya zagaya furanni da yawa. In ka zauna kusa da su da hantsi za ka ga yadda ƙananan malam-buɗe-littafi suke zarya a kansu, ni har na fi son in je wajen Tridax in ina neman hotonsu. Ka kuma juya kan ka duba ƙasansa, akwai wasu korayen ɓawo masu gashi da suka rungume shi kamar kofi, su ne suke riƙe taron gaba ɗaya, in iri ya nuna sai su saki.

Da zarar idonka ya saba da wannan tsarin, ko ba ka san sunan ciyawa ba za ka iya cewa 'yar wannan dangin ce, daga nan neman sunan ya zo da sauƙi.

Tsohon_Malami ya rubuta:

Madalla 'yata, kin sauƙaƙa min, bayaninki ya fita sarai. To Abban yara ga maganar Galinsoga da na yi alkawari.

Manhajar ba ta yi shirme ba, domin in ka ɗauki hoton kan kaɗai daga sama, Galinsoga parviflora da Tridax kamar wa da ƙani suke, ita ma tsakiya ɗorawa, gefe farare kamar biyar masu baki uku da giɓi a tsakani, ganye biyu-biyu. Kusancin nasu ma na gaske ne a cikin dangin. Amma ka ja baya taku biyu ka kalli shukar gaba ɗaya sai bambancin ya fito. Galinsoga tsaye take, karanta laushi gare shi da ruwa-ruwa, ganyenta siriri ne mai taushi ba kaushin nan, kawunanta ƙanana ne ƙwarai, ba su kai rabin na Tridax ba, kamar ƙwayar barkono, kuma da yawa suke fitowa a ƙarshen reshe kowanne da gajeren tsinke. Irinta ba shi da gashin tsuntsun nan, wasu 'yan ɓawo ne farare gajeru a kansa. Shekara ɗaya take yi ta mutu, ita kuwa Tridax in ba a tumɓuke ta ba tana iya ƙetare rani ta ci gaba.

Sannan wurin zama, wanda mutane suke rainawa alhali rabin amsar yana nan. Galinsoga 'yar gata ce, tana son ƙasa mai taki da danshi wadda ake yawan juyawa, irin ta lambun kayan miya, kuma ta fi jin daɗin wuri mai ɗan sanyi, shi ya sa a ƙasashe masu zafi a kan tuddai aka fi samunta, a Turai kuwa ta zama ciyawar lambu ta yau da kullum. Daga Amurka ta Kudu take, an kai ta lambun Kew na Landan a 1796 daga Peru ta tsere daga can ta bazu, sunan kuma na wani likita ne ɗan Sifaniya. Tridax kuwa 'yar wahala ce. Tsakuwa, yashi, tsagar siminti, gindin katanga, gefen titi, tsakanin duwatsun layin dogo, filin da aka share aka bari, gonar da ba ta rufe ƙasa ba, nan take so, muddin akwai rana kuma ruwa ba ya kwanciya. Inuwa mai duhu ce ba ta iyawa, ka duba ƙarƙashin bishiya mai cikar ganye da wuya ka same ta, in ma ka samu za ka ga ta yi tsawo ta rame fure kaɗan. Saboda haka tun da ka ce tsakuwa da yashi da rana tun hantsi, ni a raina na riga na cire Galinsoga kafin in kai ga furen.

Akwai wasu biyu da su ma suke ruɗar mutane, gara in ambace su. Bidens pilosa tana da fari da ɗorawa ita ma, amma tsaye take, karanta mai kusurwa huɗu, ganyenta a rabe yake gida uku ko biyar, irinta kuma dogaye ne baƙaƙe kamar allura da 'yan ƙugiyoyi biyu zuwa huɗu a baki masu kama tufafi. Eclipta prostrata kuma tana kwanciya kamar Tridax, sai dai ita sai wuri mai ruwa, bakin fadama ko gefen magudana, fararen gefenta sirara ne masu yawa kamar geza, tsinkenta gajere, in ka murza ganyen ruwan yana komawa baƙi a yatsa.

In kana so ka rage ta, lokacin da ƙasa take da laushi bayan ruwa ka sa fartanya ka ciro har uwar saiwar, kuma ka yi haka kafin kawunan su zama tuntu, in sun riga sun bushe kana taɓawa kana shuka ta ne da hannunka. Irinta a saman ƙasa yake tsira inda haske yake kai masa, wanda aka binne da zurfi ba ya fitowa, shi ya sa rufe wuri da busasshiyar ciyawa mai kauri yake rage ta sosai. Ban cika son a dogara da feshi kaɗai ba, a arewacin Ostareliya an riga an samu Tridax da maganin ciyawa na gilayifoset ya daina kashewa saboda yawan maimaita shi a wuri ɗaya. Kai da kake da zomaye ma ai feshin bai taso ba.

Ɗan_Lambu ya rubuta:

Gaskiya ne Baba, ni shaida ne kan maganar inuwa, a tsakanin kunyoyi inda shuka ta rufe ba na ganinta, amma bakin hanyar da muke bi da baro da gefen rijiya inda ƙasa ta taurare nan take cika. Kuma abin da na lura ba ta da wani lokacin fure takamaimai, damina da rani in dai ta samu ɗan abin da za ta sha za ka ga kawunan nan a tsaye.

Abban_Yara ya rubuta:

Salam, na dawo da rahoto. Da safe na tara irin a farar takarda na zuƙo da kyamara kamar yadda ɗalibarmu ta ce, gashin tsuntsun nan ya fito ɓaro-ɓaro, kowane zare da ƙananan gashi gefe da gefe, na ƙirga na ƙwaya ɗaya na samu 19 kafin iska ta ɗauke min shi. Na raba kai ɗaya da reza, na waje sun buɗe na tsakiya a rufe, babban ɗana shi ya riƙe wayar kuma tun ɗazu yake yawo yana tsaga duk furen da ya gani. Tsinke mafi tsawo da muka auna da rula santimita 24 ne. Dan haka Tridax ce, magana ta ƙare.

Ita kuma mai shuɗin furen ta wajen ruwan wanke-wanke na murza, Hajiya wallahi warin bunsuru ne sak, na tumɓuke ta gaba ɗaya na nuna wa yaran su biyun gefe da gefe, na ce mai dogon tsinke da kai ɗaya ita ce ta zomo, mai tarin kawuna da wari a bar ta. Na yanke shawarar zan bar Tridax ɗin da ke jikin katangar su riƙa yanka suna shanyawa a inuwa, ta bakin ƙofa kuma zan cire in an yi ruwa.

Baba Malam saura tambaya ɗaya, a can ƙarshen katangar inda inuwar gidan maƙwabci take faɗawa akwai wata mai ganye biyu-biyu ita ma, amma furenta ɗorawa ne zalla ƙanana, a manne suke a hammatar ganye babu tsinke ko kaɗan. Zan gwada ɗora hotonta anjima in intanet ɗin ya daidaita, wannan karon da shukar gaba ɗaya zan ɗauka har da ƙasar da take kai.